Ramin Avram

A garinmu Poiana babu wanda ya taɓa kiran Saveta Blaj da sunan A-Buɗe a gaban idonta sai mijinta, shi ma sai ya leƙa ya tabbatar babu muciya a hannunta. A bayan idonta kuwa, har yaran da ba su san mafarin sunan ba da shi suke kwatance: gidan A-Buɗe, na kusa da gada, mai koren ƙyaure.

Sunan daga waƙa ya fito.

Waƙar yabo ce tsohuwa, irin wadda za ka tarar a littafin Tubabbu ko'ina a duniya. Tubabbu shi ne sunan da maƙwabta 'yan tsohuwar coci suka laƙaba mana don tsokana, mu kuma muka karɓe muka riƙe. Wanda ya tsara waƙar, can wata ƙasa yake ta masu Turanci, kuma a Poiana kowa da labarinsa. Wasu su ce maƙeri ne da ɗansa ya gudu daga gida, wasu su ce matar wani matuƙin jirgin ruwa ce. Ba wanda ya taɓa damuwa ya bincika. Abin da aka sani tabbas shi ne wanda ya kawo ta garin: Avram Duma, wanda ya tafi Amurka haƙar kwal kafin yaƙin duniya na farko, ya dawo da akwati guda, da sabuwar bangaskiya, da ƙirji cike da baƙar ƙura. Shi ya juya waƙar zuwa harshenmu, shi ya koya wa mutane a rumfar dabbobinsa, lokacin Tubabbun garin duka ba su cika benci biyu ba. Baiti huɗu gare ta, kowane baiti da amshi iri ɗaya:

Na gaji, na yi nisa, rana ta faɗi,
amma ƙofarka, ya Uba, a buɗe take.

To, huhun Avram iyakarsa “ya Uba”. Da ya kai nan sai ya tsaya, ya ja numfashi mai fito kamar tsohuwar zugazugi, sannan ya ƙarasa: “a buɗe take.” Masu koyo suka ɗauka haka ake rera ta a Amurka. Wa zai yi gardama da mutumin da ya haye teku sau biyu? Kafin Avram ya mutu, yaran da suka koya a rumfar sun yi gemu, shirun kuma ya zama na waƙar kamar yadda hanci yake na fuska. Ba a ƙirga tsawonsa, jiki ne ke sani. Dattawa suna kiransa numfashin Avram. Matasa suna kiransa ramin Avram, domin duk baƙon da ya zo gari, wanda ya koyi waƙar a wani wuri yadda aka rubuta ta, a nan yake faɗawa: kowa ya yi tsit, shi kaɗai ya zarce.

Saveta ta faɗa nata tana budurwa. 'Yar Runcu ce, ƙauyen da ke bayan tudu, kuma a Runcu babu mai murya irin tata, ita ma ta san da haka. Ta rako gwaggonta ne idin godiya na kaka. An cika gaban gidan addu'a da kabewa da zangarniyar masara da inabi, maza a dama, mata a hagu, 'yan busa a gaba da ƙahoninsu na tagulla an goge su suna ƙyalli. Gwaggon ta tuna ta gyara mata ɗankwali, ta tuna ta hana ta waige-waige, amma ta manta ta gaya mata zancen rami. Aka ɗauko waƙar. Saveta ta ji ai wannan gonarta ce, ta saki murya. Aka zo “ya Uba”, gidan addu'a ya yi shiru kamar an ɗauke ruwa, muryar 'yar Runcu kuwa ta haura har rufi, ita kaɗai, tas da ita:

“A buɗe...”

A cikin 'yan busa akwai Gligor Blaj, mai babban ƙaho, wanda ake saƙala shi a kafaɗa yana zagaye mutum kamar mesa. Leɓensa na kan bakin ƙahon yana jiran shiga. Dariya ta ƙwace masa, ba ta sami hanya ba sai ta cikin ƙahon, ƙahon kuwa ya yi wani kuka irin na saniyar da aka raba da ɗanta. Dattijon da ke jagorantar sujada ya hau tari don kada a ga bakinsa. Saveta ta sunkuyar da kai, ba ta ƙara ɗagowa ba har aka ce amin.

A bakin ƙyaure Gligor ya tare ta, hula a hannu.

“Salama, 'yar'uwa.”

“Salama ga masu hankali.”

“Haƙuri na zo bayarwa. Ba ni ba ne, ƙahon ne.”

“To turo ƙahon ya bayar, na ga ya fi ka iya magana.”

“Shi ma kunya yake ji. Amma ya ce in tambaye ki, a Runcu duka haka kuke gaggawar shiga Sama? Ko ƙwanƙwasa ƙofa ba kwa yi?”

Ta kalle shi daga takalmi zuwa gashi, ta wuce. Lahadin da ta biyo baya aka ga Gligor ya haye tudu ya tafi sujada a Runcu, shi da ba ya zuwa ta garinsu sai uwarsa ta ja masa bargo. Da bazara aka ɗaura aure. Har ya tsufa, in aka tambaye shi inda ya samo mata, cewa yake a rami ya tsince ta.

Rayuwarta a Poiana irin ta matan zamaninta ce. Ta yi tatsar shanu a gonar gwamnati har yatsunta suka kanannaɗe, shi kuma yana aiki a injin tsaga katako. Ta haifi Lidia, ta haifi Ieremia, ta binne wata jaririya tsakaninsu. Ta yi kiwon alade guda kowace shekara, da kaji, da lambun kabeji wanda ba ta yarda ko mijinta ya taka ba. Da kaka, maƙwabta su kwashe 'ya'yan itacen pruna, masu kama da ɗinya, su dafa barasa, ita kuwa ta dafa nata a babban kasko har su yi baƙi su yi kauri su zama maɗi, domin Tubabbe ba ya shan barasa, sai dai in maƙwabci ya rantse masa cewa magani ne.

Amma abu ɗaya ta ɗauka ta riƙe fiye da haihuwa da tatsa: ba ta ƙara faɗawa ramin Avram ba, kuma ba ta bari wata mace ta faɗa a kusa da ita ba. Duk amaryar da aka kawo daga wani ƙauye, duk baƙuwar da ta zo biki, kusa da Saveta ake zaunar da ita. Ana zuwa “ya Uba” sai baƙuwa ta ji gwiwar hannu a haƙarƙarinta. Akwai matan da suka haifi 'ya'ya biyar a Poiana, har yau in aka kai wurin sai sun ɗan karkace. Sannu a hankali ita ce ta zama ma'aunin shirun. 'Yan busa ma ta wutsiyar ido suke duban kafaɗarta, in ta ɗaga su shiga. Wadda ta zo daga bayan tudu ta zama ita ce mai gadin numfashin Avram, sunan A-Buɗe kuwa bai bar ta ba. Haka garinmu yake.

A zamanin mulkin jam'iyyar 'yan gurguzu an hana Tubabbu busa da waƙa a titi, sai dai in gawa suka ɗauko. Gligor yakan ce shi ya sa muke son jana'iza, ita kaɗai ce ranar da hukuma ke yarda cewa muna nan. Waƙar Avram ita ake rufe kowace jana'iza da ita a bakin kabari, har 'yan tsohuwar coci da ke rakiya suka haddace ta, da raminta da komai. Wata Lahadi a wancan zamanin aka ga baƙo a bencin baya, da kwat mai kyau, ya ce shi ɗan'uwa ne daga birni, aikin auna daji ya kawo shi. Ya san baitocin duka, ya fi wasunmu ma. Ya faɗa rami, wannan ba komai ba ne, kowa na faɗawa. Sai dai ɗan'uwa na gaske in ya faɗa, sunkuyar da kai yake yi. Wannan juyawa ya yi yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, kamar mai son ya tuna wanda ya yi murmushi. Nan aka gane ɗan leƙen asirin hukuma ne. Daga ranar, duk inda ya zauna hirar dankali da ruwan sama kawai yake ji, har ya gaji ya koma inda ya fito. Saveta ta ce ko da a ɓangaren mata ya zauna, wannan kam ba za ta ɓata gwiwar hannunta a kansa ba.

Da jam'iyya ta faɗi, littattafan waƙa sababbi suka shigo, masu alamun kiɗa. Wasu baƙi daga Amurka suka zo da jita, suka rera waƙar da harshensu, da sauri kamar jirgi zai tashi ya bar su, babu rami babu alamarsa. Aka ce amin don ladabi. A waje Gligor ya kama hannun Moise, abokinsa mai ƙaramin ƙaho, ya ce, “Ka ji yadda suka lalata mana waƙa? Kuma wai a ƙasarsu aka haife ta!”

Sabon fasto, saurayi mai haƙuri da ke zagaya ƙauyuka uku a tsohuwar mota, ya taɓa buɗe littafin ya nuna wa Saveta layin.

“Nana Saveta, duba nan. Babu tsayawa. Wanda ya rubuta bai sa ba.”

“Na gani, fasto. Mu ma a Runcu haka muke yi.”

“To me zai hana mu gyara?”

“Gyara mana. Ranar Lahadi ka zarce kai kaɗai, mu ji.”

Fasto ya yi dariya ya rufe littafi. Gaskiya tana wurinsa, kowa ya sani, har Saveta. Amma mutane sun riga sun saba ajiye kayansu a cikin shirun nan. Uwar da ɗanta ke soja a nan take ambaton sunansa a zuci. Wanda ya yi faɗa da ɗan'uwansa a kan iyakar gona a nan yake haɗiye abin da ya rage. Gligor ya ce shi amfaninsa a wurinsa ɗaya ne, a nan yake zubar da yawun da ya taru a ƙaho.

Sai kuma garin ya fara zubewa. Matasa suka bi motocin Sifen da Italiya, tsintar lemo, gini, jinyar tsofaffin wasu. Lidia ta tafi Castellón ta ƙasar Sifen da mijinta, Ieremia ya bi bayanta. 'Yan busa da suke cika benci uku suka koma tsofaffi huɗu. Daga baya suka koma uku, domin ƙurar katako ta yi wa Gligor abin da kwal ya yi wa Avram. Ya rataye babban ƙaho a bangon ɗaki, yana goge shi duk Asabar, yana gaya masa labaran gari.

Wata rana da kaka suna tsakar gida, kasko a kan wuta, shi yana zaune yana juya maɗi da doguwar muciya, ita tana cire ƙwallayen pruna, sai ya ce, “Saveta.”

“Ina ji.”

“Ranar da za a kai ni...”

“Juya maɗin nan, zai kama.”

“Ina juyawa. Ranar da za a kai ni, ina so ki faɗa rami.”

“Wane ramin? Naka? To ka matsa tun yanzu, na san ka da cinye gado.”

“Na Avram.”

Ta ajiye wuƙa. “Kai dai tsufa bai ƙara maka komai ba sai tari. Shekara hamsin da ɗoriya ina goge wannan abin kunya, yanzu kana so in sake zuba shi a gaban gari, da baƙin ɗankwali a kaina?”

“Sau ɗaya. A baitin ƙarshe.”

“Ka san 'yarka jira take. Tukunya ɗaya na bari ta ƙone da ta zo hutu, ta kira ƙanenta a waya, har sun zaɓa min ɗaki a can, a hawa na biyar, inda ko carar zakara ba a ji. Wai Mama ta fara mantuwa. In na faɗa a waƙar da na fi kowa sani, kafin a gama rufe ka da ƙasa an ɗaure min kaya.”

“Sai ki ce ni na sa ki.”

“Wa zai yarda? Kai kana kwance ka yi shiru, karo na farko a rayuwarka.”

Ya yi dariya har ta koma tari. Da tarin ya lafa ya ce, “A-Buɗe, ni dai ban taɓa jin murya irin ta ranar nan ba. Kowa ya yi shiru, ke kaɗai. Sau ɗaya na ji a duniya, shi ma na ɓata shi da kukan saniya.”

Saveta ta ɗauki wuƙarta. Ta cire ƙwallo biyu, uku.

“Allah ya kiyaye,” ta ce. “Juya maɗi.”

Bai daina ba. Duk hunturun nan, in ta kawo masa tuwon masara da cuku sai ya ce, “Kin yi shawara?” Ita kuma ta ce, “Ka mutu tukuna mu gani.” Da itatuwan pruna suka fara fure, ya cika mata sharaɗinta, ya rasu.

Jana'izar Gligor ta cika Poiana kamar zamanin da. Motoci masu lambar Sifen suka jeru daga gada har gidan addu'a. 'Ya'ya, jikoki, surukai, 'ya'yan maƙwabta, duk wanda ya taɓa jin babban ƙahon nan yana yaro ya sami hanya ya zo. A al'adar 'yan busa, in ɗayansu ya mutu ana ɗauko ƙahonsa a bi bayan akwati da shi, ba a busawa. Moise ne ya saƙala na Gligor a kafaɗa, ya bar nasa a gida, yana tafe yana haki kamar shi za a binne. Sauran tsofaffi biyun suna busa abin da ya sawwaƙa.

Saveta tana tafe Lidia na riƙe da hannunta, riƙon da ake yi wa tulun da ya tsage. Ta riga ta yanke shawara tun a gida: ba za ta yi ba. Mamaci ba ya ji, gari kuwa yana ji, Lidia ma tana ji. Ta gaya wa kanta haka a kan gada, ta sake gaya wa kanta a hawan tudun maƙabarta.

A bakin kabari fasto ya yi wa'azi gajere, ya rufe Littafi, ya ce a ɗauko waƙar. Murya ta tashi mai yawa, irin wadda Poiana ta daɗe ba ta ji ba. Aka gama baiti na farko, aka shiga amshi. Saveta ta kai “ya Uba” ta rufe baki, tsofaffin gari suka rufe nasu.

Jama'a kuwa suka zarce.

Shekara da shekaru suna rera ta a ɗakunan haya na Castellón, tare da Tubabbun wasu garuruwa, da littafi a hannu. Wasu sun manta da ramin, wasu ba su taɓa saninsa ba. Suka bi ta kansa kamar mota a kan kwalta, ko girgiza babu. Har Ieremia, wanda ta goya a bencin gidan addu'a, yana ciki da babbar muryarsa.

Saveta ta tsaya baki a rufe. Abin da ya fara zuwa mata shi ne, to, an huta, yanzu ko ta so faɗawa babu inda za ta faɗa. Ta jira ta ji sanyi a ranta. Sai ta ji wani abu ya taso mata irin wanda take ji in ta tarar da kajin maƙwabta a lambun kabeji.

An fara baiti na biyu ta ɗaga hannu.

“Ku dakata.”

A al'adarmu matar mamaci ba ta magana a bakin kabari. Waƙar ta yi tangal-tangal ta tsaya. Lidia ta matse hannunta.

“Mama, don Allah...”

“Sake ni, ba faɗuwa zan yi ba. Ieremia!”

“Na'am, Mama.”

“A gidan wa aka haife ka?”

“A gidanmu mana, Mama.”

“Na ɗauka a tashar mota ne. Ina kuke gaggawar zuwa? Ubanku ya yi shekara sittin yana tsayawa a wurin nan da ƙaho a wuya, ku ba za ku iya tsaya masa na yini ɗaya ba?” Ta juya ga taron. “Bayan 'ya Uba' a rufe baki. A ja numfashi irin na wanda ya hau tudun nan da buhun dankali. Sannan a ƙarasa. Fasto, a yi haƙuri.”

“Babu komai, Nana Saveta,” in ji fasto, yana duban takalminsa.

Aka sake ɗaukar baiti na biyu. A amshi rabin jama'a suka tsaya, rabi suka faɗa, mijin Lidia a kan gaba. Wata tsohuwa daga baya ta ce, “Wannan dama bai taɓa iyawa ba.” Saveta ta waiga ta kalle su, kallon da amaren Poiana suka sani a haƙarƙarinsu.

A baiti na uku ramin ya fito. Ya fito cikakke, mai faɗi, da mutum ɗari da wani abu a tsaye a bakinsa. A cikinsa aka ji ƙararrawar tumaki daga wancan tudun, aka ji hakin Moise. Saveta ta ɗaga kafaɗa, jama'a suka shiga tare kamar ba su taɓa barin gari ba. Lidia ta sassauta riƙo. Ta kalli uwarta da wani irin ido, na wadda ta fara tunanin ko ɗakin hawa na biyar zai iya jira.

Saveta ta ga kallon, ta kuma gane shi. In ta yi shiru a baiti na huɗu, ta tsira da gidanta da lambunta da kajinta. Ba wanda zai ƙara ce mata mai mantuwa bayan abin da ta yi yanzu.

Baiti na huɗu ya zo. Na gaji, na yi nisa, rana ta faɗi. Ta dubi akwatin, katakon da aka tsaga a injin da ya ci huhunsa. Amma ƙofarka, ya Uba.

Tudun ya yi tsit.

“A buɗe...”

Ba muryar 'yar Runcu ba ce. Ta tsufa, ta yi siriri, tana rawa a ƙarshe. Amma ita kaɗai ce, kuma ta kai har katangar maƙabarta. Lidia ta rufe ido. Ieremia ya kalli yayarsa. Matan gari suka sunkuyar da kai don su rufa mata asiri, wasu har sun fara girgiza kai: wayyo, Saveta ma.

Sai babban ƙaho ya yi kukan saniya.

Moise ne, ya cika kumatu, fuskarsa ta yi ja kamar gwanda, ya zuba duk abin da ya rage a ƙirjinsa cikin ƙahon mamaci wanda ba a busawa. Kukan ya gangara tudu, karnukan gari suka amsa. Tsofaffin da suke gidan addu'a a wancan idin kaka, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, su suka fara dariya. Wata ta toshe baki da gefen ɗankwali, kafaɗunta na rawa. Daga nan ta bazu. Waɗanda suka san labarin suna raɗa wa waɗanda ba su sani ba, ana dariya ana share hawaye, fasto ya ɗaga Littafi ya kare fuska. Da ƙyar aka tattara murya aka ce “a buɗe take”, kowa da lokacinsa. Ba a taɓa rufe waƙar Avram da muni irin na ranar ba.

A wurin cin abinci, a harabar gidan addu'a, ana raba kabeji cushe da nama da shinkafa, Saveta ta sami Moise a ƙarshen tebur yana shan ruwa kofi bayan kofi.

“Kai kuma wa ya aike ka?”

“Wanda ya aike ki. Tun hunturu ya kira ni, ya ce in kin yi naki in yi nasa.”

“Bai gaya min ba.”

“Ni ma ce masa na yi ba za ki yi ba. Na ce, Gligor, matar nan ta fi dutsen niƙa tauri, ka sa ni ɗaukar wannan jibgegen abu har kan tudu a banza. Ya ce in dai ajiye leɓe a kusa.”

Lidia tana tsaye a bayansu da kwanon burodi. Ta ji duka. Sai ta ce, “Mama, ai da kin gaya min.”

“Da na gaya miki, da kin ce mantuwa ce ta sa na ƙirƙiro. Ajiye burodin nan, mutane na jira.”

Da motocin Sifen suka juya, babu kayan Saveta a cikinsu. Lidia ta saya mata tukunya mai kashe kanta in ta tafasa, Saveta ta yi godiya ta sa ta a kan kabad tana ajiye ƙwai a ciki. Babban ƙaho ya koma bangonsa, Moise yana zuwa ranar Asabar ya goge, ya ci maɗi da burodi, ya tafi.

Gidan addu'a na Poiana yanzu ba ya cika sai da rani, in 'yan Sifen sun zo hutu. Ana rera waƙar da raminta. Rannan Ieremia ya kawo surukarsa, matar ɗansa, 'yar wani gari can kudu, mai murya kamar ƙararrawa. Aka zaunar da ita kusa da Saveta yadda aka saba. Aka zo “ya Uba”, yarinyar ta buɗe baki, gwiwar hannu ta same ta daidai haƙarƙari na uku.